Yadda Ake Nazarin Salon Bayan-Zamananci a Ƙagaggen Labarin Turanci: Misali Daga Littafin John Fowles

Ɗalibin da aka ba shi aikin fito da siffofin bayan-zamananci (postmodernism, wato salon adabin da ya biyo bayan na zamananci, inda labari yakan tona cewa shi ƙirƙira ne) a wani ƙagaggen labari na Turanci yakan fara ne da neman jerin siffofin a intanet, ya samo bakwai ko goma, sannan ya shiga cikin littafin yana farautar misalai domin ya liƙa wa kowace siffa nata. Aikin da ake samu ta wannan hanya yakan cika shafuka, amma da wuya ya gamsar da malamin da ya san littafin, domin yana nuna cewa dabarun suna nan, ba ya faɗin abin da ya sa marubucin ya yi amfani da su, ko abin da labarin zai rasa in aka cire su. Hanyar da zan bayyana a nan ta fi cin lokaci. Ginshiƙinta tambaya ɗaya ce da za ka riƙa yi wa duk dabarar da ka ci karo da ita: wane aiki take yi a wannan wuri na labarin?

Zan yi aiki da The French Lieutenant's Woman na John Fowles, wanda aka buga a 1969, domin yana cikin littattafan da manazarta suka fi kawowa misali a wannan fanni, kuma dabarunsa a fili suke, ba sai an tona ba. An haifi Fowles a 1926, ya yi karatun Faransanci a Jami'ar Oxford, ya shafe shekaru da dama na rayuwarsa a garin Lyme Regis da ke bakin teku a kudancin Ingila, ya rasu a 2005. A wannan gari ya kafa labarinsa, sai dai ya mayar da shi baya da shekara ɗari, zuwa 1867, tsakiyar mulkin Sarauniya Biktoriya.

Ga labarin a taƙaice, domin abin da zai biyo baya ya zama da ma'ana. Charles Smithson, mai shekara 32, ɗan babban gida ne da ke sa ran gadon baffansa, kuma mai sha'awar tattara burbushin halittun dā da suka daskare cikin duwatsu, abin da gaɓar tekun Lyme Regis ta shahara da shi. An yi masa baiko da Ernestina Freeman, 'yar wani hamshaƙin ɗan kasuwa na Landan. Wata rana suna tafiya a kan katangar dutsen da ta shiga cikin teku tana kare tashar jiragen ruwan garin, suka hangi wata mace cikin baƙaƙen tufafi tsaye a can ƙarshe tana kallon ruwa. Ita ce Sarah Woodruff, wadda a da take koyar da yara a gidan masu hali, kuma gari ya ɗauka cewa wani jami'in jirgin ruwa ɗan Faransa mai suna Varguennes ya ɓata ta ya gudu. Tun daga wannan gani hankalin Charles ya koma kanta, har abin ya kai shi ga fasa aurensa da zubewar mutuncinsa.

Kafin ka buɗe littafin, ka tabbata ka karanta aƙalla ƙagaggen labari ɗaya na ainihin zamanin Biktoriya, na Thomas Hardy ko George Eliot ko Charles Dickens. Ɗalibai da yawa suna tsallake wannan mataki, kuma shi ne wanda bai kamata a tsallake ba. Fowles yana kwaikwayon muryar waɗancan marubuta ne da gangan: dogayen jimloli, mai ba da labari da ya san zuciyar kowa, tsayawa a yi wa mai karatu bayani a kan ɗabi'a da matsayi, da babi-babi masu ƙarewa a inda zuciya ke son ci gaba. Wanda bai san asalin ba, ba zai gane kwaikwayo ba, balle ya gane inda aka karkace daga asalin. Ka kuma riƙe a zuciya cewa tsakanin zamanin Biktoriya da Fowles akwai marubutan zamananci irin su James Joyce da Virginia Woolf, waɗanda a shekarun 1920 suka ture mai ba da labari mai surutu, suka shiga cikin tunanin taurarinsu kai tsaye. Fowles ya dawo da wannan mai surutu bayan an yi shekaru ana ganin ya tsufa, kuma ya dawo da shi yana sane da cewa ya tsufa. A cikin wannan sanin ne bayan-zamanancin littafin yake.

Ka karanta littafin sau biyu. A karon farko ka bi labarin kamar kowane mai karatu, ka bar shi ya ja ka, sai dai ka riƙe fensir ka yi ɗan alama a gefen shafi duk inda ka ji an fizge ka daga 1867, ko ta hanyar ambaton wani abu na ƙarni na ashirin, ko ta hanyar mai ba da labari ya ce "ni". Kada ka tsaya fassara alamun tukuna. A karo na biyu ne za ka buɗe littafin rubutu ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta lambar babin, da abin da ke faruwa a labarin daf da katsewar, da abin da ya biyo bayanta. Wurin da katsewa ta faɗo ya fi katsewar kanta muhimmanci, kuma babi na 13 zai nuna maka dalili.

Babi goma sha biyu na farko suna tafiya kusan kamar tsohon labari. A ƙarshen na 12 an nuna Sarah cikin dare a bakin taga a gidan Misis Poulteney, tsohuwar attajirar da ta ɗauke ta aiki don neman lada da suna, sai mai ba da labari ya tambaya wace ce Sarah, kuma daga wane duhu ta fito. Mai karatun da ya saba da Dickens yana sa ran babi na gaba zai ba shi amsa. Abin da ya samu shi ne mai ba da labarin yana cewa bai sani ba, cewa duk labarin ƙirƙira ne, cewa waɗannan mutane ba su taɓa wanzuwa a wajen kansa ba, kuma in ya nuna kamar ya san zukatansu, yana bin al'adar rubutun zamanin da labarin ya faru ne kawai, alhali shi yana rayuwa a zamanin Alain Robbe-Grillet da Roland Barthes, Faransawa biyu da suka girgiza tunanin mutane game da matsayin marubuci. Ya ci gaba da cewa ya umarci Charles ya koma gari kai tsaye bayan ya rabu da Sarah a kan dutse, amma Charles ya bijire ya ratse zuwa wani gidan sayar da madara. Daga nan ya bayyana ra'ayinsa cewa marubucin dā ya ɗauki kansa mai cikakken iko da sani a kan duniyar labarinsa, shi kuwa na yanzu abin da ya kamata ya sa a gaba shi ne 'yancin waɗanda ya ƙirƙira.

Yawancin ɗalibai suna tsayawa a nan su rubuta cewa ga labari mai magana a kan kansa, su wuce. Kai ka dakata ka lura da abu biyu. Na farko, mai ba da labarin bai janye daga sanin zukata gaba ɗaya ba. Bayan wannan babi ya ci gaba da shiga tunanin Charles da na Ernestina da na Sam, baran Charles, yadda ya ga dama. Zuciyar Sarah ce ya tsaya a bakin ƙofarta. Ke nan katsewar ta zo daidai lokacin da za a mallaka wa mai karatu sirrin matar da duk garin ke ƙoƙarin mallakar labarinta, kuma mai ba da labarin ya ƙi shiga sahun masu yi mata fassara. Na biyu, kafin babin ya ƙare ya juyo kan mai karatu ya ce masa shi ma haka yake yi da tarihin rayuwarsa: yana ƙawata wani sashe, yana baƙanta wani, yana ɓoye wani, har ya zama ƙagaggen labari da yake ba kansa. Wannan juyowa ita ce ta fitar da babin daga wasan marubuci ta mai da shi magana a kan yadda ɗan Adam ke sanin abin da ya wuce. In ka rubuta waɗannan abubuwa biyu, ka riga ka wuce mai jera siffofi.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata ka ɗauka da gaske. Mai ba da labari ya fito ya ce ƙirƙira yake yi ba sabon abu ba ne. Laurence Sterne ya yi abin da ya fi haka a Tristram Shandy, wanda ya fara fitowa a 1759, har da baƙin shafi da shafin da ba komai a kansa. William Thackeray ya rufe Vanity Fair a 1848 da maganar mayar da 'yan tsanarsa cikin akwati. Mu ma mun tashi muna jin mai tatsuniya ta rufe da ƙurunƙus, ta ce ba don gizo ba da ta yi ƙarya, kuma babu wanda zai kira wannan bayan-zamananci. Mai tatsuniya tana faɗin haka ne bayan an gama, domin ta sallami yara daga duniyar gizo ta dawo da su duniyar gaskiya, kuma iyakar da ke tsakanin duniyoyin biyu tana nan daram. Fowles ya faɗi nasa a tsakiyar tafiya, kuma iyakar ce kanta yake tuhuma. Don haka duk lokacin da za ka kira wata dabara ta bayan-zamananci, ka nuna a rubuce abin da ya bambanta ta da irinta ta dā, in ba haka ba malamin da ya karanta Sterne zai rushe maka hujja da jimla ɗaya.

Sai ka koma kan alamun da ka yi a wuraren da ƙarni na ashirin ya leƙo. Suna da yawa. Tun a babin farko an kwatanta lanƙwasar katangar tashar da sassaƙen Henry Moore, wanda ba a ma haife shi ba a 1867. An ce da Misis Poulteney ta zo a wani zamani da ta samu gurbi a rundunar 'yan sandan ciki ta Hitila. An ce Sarah kamar an haife ta da kwamfuta a zuciya, saboda yadda take auna mutane ba tare da kuskure ba. An gaya mana an haifi Ernestina a 1846, kuma ta rasu ranar da Hitila ya mamaye Foland, wato a 1939. An tuna mana cewa a daidai lokacin da Charles ke yawon tsintar duwatsu, Karl Marx yana zaune a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya yana aikin littafinsa Das Kapital, wanda juzu'insa na farko ya fito a wannan shekara ta 1867. Kada ka tara waɗannan a sakin layi ɗaya ka ce an cakuɗa zamani. Ka raba su bisa aikinsu. Wasu suna hana ka mantawa cewa mutumin 1960 da wani abu ne ke kallon 1867, da idonsa da son zuciyarsa. Wasu kuma, kamar na Marx, suna ba ka sanin da taurarin ba su da shi, ta yadda za ka ga Charles, mai alfahari da fahimtar ra'in Darwin na sauyawar halittu, bai gane cewa ajinsa na masu cin gado ba tare da sana'a ba shi ne halittar da zamani ke shirin shafewa. Mahaifin Ernestina ya ma tayar masa da wannan magana da kansa lokacin da ya yi masa tayin shiga kasuwanci, Charles kuwa ya ji tayin kamar zagi.

Kowane babi yana buɗewa da tsakure ɗaya ko biyu daga rubutun wasu: waƙoƙin Tennyson da Hardy da Matthew Arnold da Arthur Hugh Clough, maganganun Darwin da Marx, da rahotannin zamanin a kan rayuwar talakawa. Mai gaggawa yakan tsallake su. Ka karanta kowane tsakure, ka karanta babin, sannan ka koma ka sake karanta tsakuren, ka tambayi kanka ko yana goyon bayan abin da ya faru ne ko yana ƙaryata shi. Haka za ka yi da bayanan ƙasan shafi, waɗanda aka saba gani a littafin tarihi, da babi na 35, inda labarin ya tsaya cik aka shiga sharhi a kan saɓanin da ke tsakanin tsarkin da mutanen zamanin Biktoriya ke furtawa da abin da suke aikatawa a ɓoye, har aka kawo rayuwar Hardy kansa misali. Akwai kuma shari'ar Emile de La Roncière, wani hafsan sojan Faransa da aka ɗaure a 1835 bisa zargin da wata yarinya ta yi masa. Shari'a ce ta gaskiya, kuma Likita Grogan, wanda ƙirƙira ne, shi ya miƙa wa Charles bayaninta domin ya tabbatar masa cewa Sarah mai taɓin hankali ce. Ka lura da yadda takardar tarihi ta zama makami a hannun mutumin da ke son a kulle mace. Wannan haɗuwa ta tarihi da ƙirƙira ita ce manazarciya Linda Hutcheon ta yi dogon bayani a kanta a littafinta na 1988 kan bayan-zamananci, inda ta nuna cewa irin waɗannan labarai suna amfani da tarihi kuma a lokaci guda suna tambayar wa ya rubuta shi da kuma don wa.

Wani ɗan wuri da nake so ka duba da kyau yana babi na 36. Bayan an kore ta daga gidan Misis Poulteney, Sarah ta isa birnin Exeter, ta kama ɗaki a wani ƙaramin otal, tana buɗe ɗan kayan da ta saya da kuɗin da Charles ya ba ta. A cikinsu akwai wani ɗan moɗa na tangaram mai siffar mutum, wanda ya riga ya tsage. Sai mai ba da labari ya ce ya san moɗan, domin shi da kansa ya saye shi shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, da kuɗin da ya ninka abin da Sarah ta biya. Mutumin da ya rantse a babi na 13 cewa Sarah ba ta taɓa wanzuwa ba, yanzu yana cewa kayanta na gidansa. Ba mantuwa ba ce. Yana rusa amincewarka yana kuma sake gina ta, domin ka ga da idonka cewa sanin labari ƙirƙira ne bai hana ka yarda da shi ba. Ƙaramin misali irin wannan, in ka warware shi sosai, ya fi manyan maganganu goma amfani a cikin rubutunka.

Yanzu sai ƙarshen labarin, wanda shi ne abin da littafin ya fi shahara da shi, kuma inda ya kamata ka fi daɗewa. Ƙarshe uku ne. Na farko yana babi na 43 da na 44: Charles yana dawowa daga Landan, ya ƙi tsayawa a Exeter inda Sarah take, ya wuce wurin Ernestina, suka yi aure suka haifi 'ya'ya, aka raba wa kowa sakamakonsa kamar yadda tsofaffin labarai ke yi, har aka bi Misis Poulteney lahira aka nuna an rufe mata ƙofa. Ka duba yadda aka rubuta shi cikin gaggawa da sakaci na ganganci, har mai ba da labarin yana cewa a ɗauka 'ya'yan bakwai ne. Ka kuma riƙe wannan: an ce Charles ya rayu shekara goma bayan Ernestina. In ka tuna an riga an ce ta rasu a 1939, lissafi zai ba ka Charles mai shekara fiye da 110. Saɓanin alama ce cewa wannan ƙarshe ba abin dogaro ba ne, kuma babi na 45 ya tabbatar da haka, inda aka ce duk abin Charles ne ya saƙa shi a ransa yana cikin jirgin ƙasa. A zahirin labarin ya tsaya a Exeter, ya je wurin Sarah, kuma a nan ya gano cewa ba ta taɓa sanin namiji ba, labarin Varguennes da ta ba shi ba haka ya faru ba.

A babi na 55 mai ba da labarin ya shigo cikin labarin da jikinsa. Charles yana zaune a taragon jirgi zuwa Landan neman Sarah, wadda ta ɓace, sai wani mutum mai gemu ya shigo ya zauna yana ƙare masa kallo yana tunanin abin da zai yi da shi. Ya bayyana cewa marubuta sukan yi kamar sun bar taurarinsu su fafata, alhali sun riga sun shirya wanda zai yi nasara, shi kuwa ba ya son ya shirya. Mafita ita ce ya kawo ƙarshe biyu. Amma ya san duk wanda ya zo daga baya shi mai karatu zai ɗauka na gaskiya, don haka ya ciro fataka, wato tsabar kuɗi ta sule biyu, daga aljihu ya wurga sama domin ta zaɓi wanda zai riga. A babi na 60, bayan kusan shekara biyu da yawo har Amurka, Charles ya sami Sarah a Landan, a unguwar Chelsea, a gidan mai zane kuma mawaƙi Dante Gabriel Rossetti, mutumin da ya rayu da gaske. Ta nuna masa 'yarsu Lalage, aka bar su da alamar sulhu. A babi na 61 mai ba da labarin ya sake bayyana a wajen gidan cikin ado, ya ciro agogon aljihunsa ya mayar da shi baya da minti goma sha biyar, aka maimaita ganawar, wannan karon Charles ya fita cikin ɓacin rai ba tare da ya san yarinyar tasa ce ba, ya bi bakin kogin Thames shi kaɗai.

Yadda za ka yi da waɗannan ƙarshe shi ne ka ɗauki takarda ka rubuta, game da kowanne, wa ya samu abin da yake so, wa ya rasa, kuma wane irin littafi ne yake ƙarewa haka. Za ka ga na farko na mai bin al'ada ne, na biyu na mai son soyayya ta yi nasara, na uku kuwa na zamanin da ya karanta Sartre da Camus, marubutan falsafa na Faransa, inda ake barin mutum da 'yancinsa da kaɗaicinsa. Ka kwatanta da Dickens, wanda shi ma ya rubuta wa Great Expectations ƙarshe biyu a 1861, amma ya zaɓi ɗaya ya buga bisa shawarar abokinsa Bulwer-Lytton. Dickens ya yi zaɓin a ɗakinsa, Fowles ya kawo zaɓin cikin littafi ya ajiye a gaban mai karatu. A nawa ganin, wurga fatakar bai sa ƙarshen biyu sun zama daidai ba. Na ukun ya fi nauyi, domin shi ya dace da Sarah da muka sani tun farko, wadda ta zaɓi a kira ta da mummunan suna a kan ta zama mallakin wani, kuma ita ce ta shirya korarta daga gidan Misis Poulteney ta hanyar bari a gan ta a inda aka hana ta zuwa. Kana da damar saɓa mini, muddin hujjarka daga cikin littafin ta fito.

In ka kai nan, za ka ga zaren da ya ɗinke dabarun. Mai ba da labari da ya ƙi shiga zuciyar Sarah, tauraron da aka ce ya bijire wa marubuci, tarihin da ake nuna cewa wani ne ya tsara shi, da ƙarshen da aka ƙi rufewa, duk suna komawa ga batun 'yanci, kuma tsakuren Marx da aka buɗe littafin gaba ɗaya da shi a kan 'yantuwar ɗan Adam yake magana. Sarah kanta marubuciya ce a cikin labarin, domin ta ƙaga wa kanta tarihi ta sa gari da Charles suka karanta. Wannan zare shi ne zai zama jigon rubutunka. Ka faɗe shi a jimla ɗaya a sakin layin farko, sannan ka tsara sauran bisa matakan hujjar, kowace dabara ta shigo a inda hujjar ke bukatarta. Dabarar da ba ta taimaki hujjar ba, ka bar ta, ko da tana cikin jerin da ka samo.

Rubutu mai ƙarfi yana fuskantar abin da za a iya ƙalubalantarsa da shi, kuma a nan ƙalubale biyu ne na gaske. Na farko, 'yancin da ake cewa an ba Charles da mai karatu Fowles ne ya rubuta shi. Shi ya sa Charles ya ratse gidan madara, shi ya ƙaddara yadda fatakar za ta faɗi, kuma mai gemun da ke cikin jirgi tauraro ne kamar sauran, don haka ka kiyaye kada ka riƙa kiransa Fowles. Na biyu, wasu manazarta mata sun nuna cewa ƙin shiga zuciyar Sarah yana iya zama girmamawa, yana kuma iya zama hanyar barin ta a matsayin abin al'ajabi da maza ke kallo, alhali labarin girma da sauyawa na Charles ne. Ina ganin wannan suka tana da ƙarfi, kuma bai kamata a share ta da jimla ɗaya ba. Ka kawo ta da adalci, ka auna ta da babi na 60 da na 61, inda Sarah ta yi magana da bakinta a kan rayuwar da ta zaɓa, ka faɗi inda ka tsaya.

Game da masana ra'i, ka yi amfani da su kaɗan kuma a inda suka dace. Maƙalar Barthes a kan mutuwar marubuci, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1960, tana da alaƙa ta kai tsaye da babi na 13. Littafin Patricia Waugh na 1984 a kan labarin da ke magana game da kansa zai ba ka kalmomin aiki. Jean-François Lyotard, wanda a 1979 ya bayyana bayan-zamananci da rashin amincewa da manyan labaran da ke da'awar fassara komai, zai taimaka in kana duba yadda littafin ya ɗauki Darwin da Marx da addinin Misis Poulteney, amma ka tuna Fowles ya riga shi da shekara goma, don haka kada ka rubuta kamar Fowles yana aiwatar da ra'in Lyotard ne. Ka fara kowane sakin layi da abin da ke cikin labarin, masanin ya biyo baya.

In ka samu dama ka kalli fim ɗin da Karel Reisz ya shirya daga littafin a 1981, wanda Harold Pinter ya rubuta, Meryl Streep da Jeremy Irons suka fito a ciki. Da yake fim ba shi da mai ba da labari mai gemu, Pinter ya ƙirƙiri labari na biyu na 'yan wasan da ke yin fim ɗin a zamanin yanzu, ya ba labarin dā ƙarshe mai daɗi, na yanzu kuma ƙarshen rabuwa. Kallonsa zai nuna maka wace dabara ce ta rubutu kaɗai, wace ce kuma za a iya sauya mata kama, sai dai kada ka kafa hujja da shi a kan littafin, domin abubuwa da yawa sun bambanta. Wajen kawo misali kuwa, ka riƙa ambaton lambar babi tare da lambar shafi, saboda an buga littafin sau da yawa a Ingila da Amurka, shafukan bugu ɗaya ba sa dacewa da na wani, amma babi 61 ɗin ba sa canzawa.